Me Ya Sa Wayarka Ke Cewa Iska Kaɗan Ce a Wudil, Amma Kwano Na Tashi?

Duk farkon damina sai an yi wannan ƙorafi: manhajar yanayi ta nuna iskar kilomita 12 a awa, kafin magariba hadari ya taso, ya yaye rufin mutane, ya kwashe farantin sola. Sai a ce manhajar maƙaryaciya ce. Laifinta rabi ne, rabin kuma na yadda muke karanta ta.

Lambar da kake gani ƙarƙashin sunan Wudil ba a Wudil aka auna ta ba. Wayarka ba ta da na'urar auna iska. Manyan kwamfutoci ne ke lissafo ta, bayan sun yanka duniya gida-gida kamar darduma. A tsarin ECMWF na Turai faɗin kowane gida kusan kilomita 9 ne, na GFS na Amurka ya fi haka faɗi, kuma sau 4 ake sabunta shi a rana. Duk wanda ke cikin gida ɗaya, lamba ɗaya zai samu. Na gwada da kaina lokacin da nake koyon jawo bayanai daga Open-Meteo: na saka wurin Wudil, na saka na wani ƙauye da ke gefenta, amsar ta dawo iri guda. Ga shi kuma lissafin na iskar da ke mita 10 sama da ƙasa ne, a fili. Bakin kogi daban, cikin lungu daban.

Da hunturu wannan ba matsala ba ce. Iskar arewa maso gabas mai ɗauko ƙura daga yankin Bodele na Chadi tana rufe ƙasashe ne gaba ɗaya, don haka hasashen kwana biyu ko uku yakan zo daidai. NiMet ma tana fitar da gargaɗin hazo.

Damina ce mai wuyar sha'ani. Iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take, mai sauƙi, ita ce 12 ɗin nan. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa, kamar yadda tsofaffinmu suka sani tun babu waya, kuma iskar da ke gabansa ba ta wuce 'yan mintuna. Abu mai ƙanƙanta da gaggawa haka, kwamfuta takan kuskure wurinsa ko lokacinsa, ko ta rasa shi ɗungurungum.

To me za ka yi? Daina tsayawa kan matsakaicin gudu, nemi lambar bugun iska, wadda manhajoji irin Windy ke rubutawa da Gusts. Ita ke karya abu. Daga kilomita 40 a awa manyan rassa na kaɗawa, ba lokacin feshin magani ba ne ko hawa kwale-kwale. Ya kai 75, rufin da bai kafu ba yana cikin haɗari. Ka kuma duba ma'aunin: idan m/s ne ka ninka da 3.6, wato 10 na nufin 36. Mutane da yawa a nan suke faɗawa.

Abin da na fi yarda da shi shi ne hoton tauraron ɗan'adam da ke cikin Windy, domin gajimaren da ke sama yanzu yake nunawa. Kunna shi ka kalli gabas. Irin wannan hadari kan yi tafiyar kusan kilomita 50 a awa zuwa yamma. Idan dunƙulen gajimare yana kan Azare, kana da kamar awa uku. Idan ya iso Dutse, awa ɗaya ce ta rage: a kwashe shanya, a ɗaure sola, a kira na kan ruwa su fito. Yana cin data kaɗan, amma bai kai kuɗin bandir ɗin kwano ba.