Yaranmu na Sabha da Hausar da suke ɗauka ita ce daidai

Tun zamanin fataken da ke ratsa hamada daga Kano da Damagaram zuwa Gat da Murzuƙ ake jin Hausa a ƙasar Fezzan. Iyalai da dama da ke Sabha a yau ta hanyar Agadas da Dirku suka iso, kowa da Hausar garinsu. 'Ya'yan da muke haifa a nan kuwa da harsuna biyu suke tashi, kuma tun kafin su iya karatu sukan fara rarrabe maganar da ke da martaba da wadda ba ta da ita.

Ta fuskar Larabci abin da sauƙi. A titi yaro yakan ji "gal", a aji da gaban malamin Alƙur'ani ya ji "ƙala". Ya san ta biyun ce ake ba maki, amma ba ya jin kunyar ta farkon, domin malamin kansa da ita yake ciniki a kasuwa.

A Hausa ne matsalar take. Uwa 'yar Maraɗi tana cewa "zamna", "biyat", "tahi". Finafinan Kano da ke cikin wayarta, da sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na RFI da ya fara a 2007, galibi "zauna", "biyar", "tafi" suke cewa. Daidaitacciyar Hausa dai bisa Kananci aka gina ta, kuma tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 rubutu suka daidaita, ba su haramta wa kowa furucin gidansu ba. To, wa zai shaida wa yaro wannan, alhali ba a koyar da Hausa a firamaren Libiya?

Kunnensa kuwa ya riga ya buɗe. Binciken da Katherine Kinzler da abokan aikinta suka wallafa a 2007 ya nuna cewa yara 'yan shekara 5 sun fi zaɓen aboki mai furuci irin wanda suka saba ji. A ganinmu, abin da ke juya wannan so ya koma ƙyama shi ne dariyar manya. Idan baƙo ya kwaikwayi "tahi" ɗin yaro, gida ya ɗauki shewa, ba lalle ne yaron ya koma Kananci ba, tun da ba shi da mai koya masa. Larabci yakan koma. Ranar da aka kira kaka a Tasawa ko Madawa, sai a miƙa masa waya ya yi gaisuwa a taƙaice, ya mayar wa uwarsa.