Laurier-rose: furen da ke ƙawata shinge amma yake ɗauke da guba

Duk wanda ya bi unguwannin Yamai, Garwa ko Injamena a tsakiyar bazara zai ga wani tsiro da ke nan kore shar a bakin gidaje da ofisoshi, alhali ciyawa ta bushe ƙurmus. Shi ne wanda ake kira laurier-rose da Faransanci, masana kuma suna ce masa Nerium oleander. Ana gane shi da dogayen ganyaye sirara masu kauri, waɗanda ke fitowa uku-uku a jikin reshe, da furanni ja, ruwan hoda ko fari.

Asalinsa daga yankin tekun Bahar Rum ne zuwa Asiya, inda yake tsirowa a bakin koramun da ke ƙafewa da rani. Shi ya sa yake jure zafi da ƙarancin ruwa. Tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 6, kuma reshe kawai ake yankowa a dasa.

Sai dai ganyensa da furensa da saiwarsa duk suna ɗauke da sinadarin oleandrin, mai dagula bugun zuciya. Wanda ya ci yakan fara da amai da gudawa, daga nan zuciya ta rikice, abin da kan iya kaiwa ga mutuwa.

Dabbobi ba su cika cin ɗanyen ganyen ba saboda ɗacinsa. Haɗarin yana zuwa ne bayan an aske shinge: ganyen ya bushe, iska ta kai shi cikin harawa, ragon layya ko akuya su haɗa su cinye. Bushewa ba ta kashe gubar.

Don haka kada a yi asuwaki ko tsinken tsire da reshensa, kada kuma a sa shi a murhu, domin hayaƙinsa ma yana cutarwa. Mai askewa ya sa safar hannu, ya binne abin da ya yanke. Idan yaro ya tauna ganyen, a garzaya da shi asibiti tare da reshen, ba sai an jira alamu ba.

Gidan da ke da yara ƙanana ko dabbobi, gara a yi shingen lalle. Yana jure fari, furensa na da ƙamshi, ganyensa kuma kuɗi ne a kasuwa.