In'ina da maganinta

In'ina matsala ce ta magana. Mai in'ina ya san abin da yake so ya faɗa, amma kalmar sai ta maƙale masa. Wani lokaci ya maimaita gaɓar farko, ya ce «ba-ba-ba-baba». Wani lokaci ya ja sauti ɗaya. Wani lokaci kuma bakin ya buɗe, amma muryar ta ƙi fitowa.

Yawanci in'ina tana farawa tsakanin shekara 2 da shekara 5. Cikin yara 100, kamar 5 suna yin ta na wani lokaci. Mafi yawansu tana barin su kafin su girma. Cikin manya 100, kamar mutum 1 ne yake da ita, kuma maza sun fi mata yawa.

A da, mutane suna tsammani laifin harshe ne. A shekarar 1841, wani lokotoro na birnin Balin a ƙasar Jamus, mai suna Dieffenbach, ya riƙa yanke wani yanki na harshen masu in'ina. Wasu sun mutu, in'inar kuwa ba ta tafi ba. Yau an gane harshen lafiya lau yake. Abin daga ƙwaƙwalwa ne, wurin da ake shirya motsin leɓe da harshe da numfashi. Sau da yawa ana gadonta. Saboda haka aska ba ta da aiki a nan, ko ta wanzami ko ta lokotoro.

To, akwai ƙwayar da ake sha? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, sunansa dofamin. Yana taimako wurin sarrafa motsin jiki. Masu bincike sun ga alamar yana yin yawa ga waɗansu masu in'ina. Don haka suka gwada magungunan da suke rage ƙarfinsa. Na farko shi ne haloperidol, wanda aka gwada sosai a shekarun 1970. Ya rage in'ina ga waɗansu. Amma yana sa barci, da sandarewar jiki, da rawar hannu. Mutane da yawa suka bar shan shi, suka ce gara in'inar. Daga baya aka gwada risperidone da olanzapine. Su ma sun ɗan taimaka, sai dai suna sa ƙiba, suna iya jawo ciwon sukari. Da an daina sha, in'inar takan dawo.

Waɗannan magunguna ba don in'ina aka yi su ba. An yi su ne don ciwon taɓin hankali. Har yanzu babu ƙwayar da take warkar da in'ina. Lokotoro kaɗai yake iya rubuta irin waɗannan magunguna, shi ma ga babban mutum, bayan ya auna amfani da illa. Ba a ba yaro su don in'ina. Ƙwayoyin da ake tallarsu bisa tire a kasuwa ko a tasha kuwa, rana ta dake su, mai sayarwa bai san aikinsu ba. Suna iya yin lahani.

Abin da ya fi amfani shi ne koyon magana wurin gwanin gyaran magana. Yana koya wa yaro ya yi magana sannu, ya fara kalma da taushi, ya saki numfashi. Yana koya wa iyaye su saurara da haƙuri. Sarkin Ingila Joji na 6 yana da in'ina mai tsanani. Tun 1926 wani malami, Lionel Logue, ya riƙa yi masa irin wannan horo. A 1939, ranar da Ingila ta shiga yaƙin duniya na biyu, sarkin ya yi wa jama'arsa jawabi ta rediyo, ya kai har ƙarshe.

Wani abin mamaki: mai in'ina yakan yi waƙa ba tare da ya maƙale ba. Haka kuma in dukan aji suna karatu da murya ɗaya. Amma in malam ya tashe shi shi kaɗai, ga ƴan aji suna jira su yi dariya, sai abin ya ƙaru. Tsoro ba shi ne ya kawo in'ina ba, amma yana ƙara mata ƙarfi. Duka da tsawa ma haka. Abokin kirki ba ya kwaikwayon mai in'ina, ba ya ƙarasa masa kalma. Yana dubansa, ya jira har ya gama.