Tartsatsin da ke share wa walda hanya

Yau wurin masu walda muka nufa, amma ba waldar ƙofa da taga ta bakin titi ba. Akwai wadda ake kira TIG, wasu su ce waldar agon, wadda ake yi wa alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa da bututun matatar mai. Russell Meredith na kamfanin jiragen sama na Northrop a Amurka ne ya daidaita ta a 1941.

A waldar da muka saba gani, mai walda kan ƙyasta sandarsa a jikin ƙarfe, wuta ta kama, sandar ta riƙa narkewa. A TIG kuwa wani tsinke ne na ƙarfen tangstin, wanda sai zafi ya kai digiri 3,422 yake narkewa, iskar agon na lulluɓe da shi. Ba a so ya taɓa aikin ko kaɗan. Da ya taɓa, bakinsa ya dakushe, ɓurɓushinsa ya maƙale a cikin waldar, kuma in bututu ne da za a ɗauki hoton cikin waldarsa don bincike, sai a ce a sake.

To ta yaya wuta za ta kama ba a taɓa ba? Injin walda bolt 60 zuwa 80 kawai yake bayarwa kafin a fara aiki, alhali kafin lantarki ya tsallake iska mai kaurin milimita 1, sai an ba shi wajen bolt 3,000.

A nan wata ƙaramar dabara ta shigo. Cikin injin akwai 'yar taransifoma da ke ɗaga wutar zuwa dubban bolt, ta ɗura ta a kwandansa, wato 'yar ma'ajiyar lantarki. Kusa da ita akwai ƙarafa biyu da ke fuskantar juna, tazararsu ba ta kai milimita ɗaya ba. Da kwandansa ta cika, tartsatsi ya tsallaka tsakaninsu kamar na fulogin babur. Kowane tsallake yana sa wutar ta yi ta kai da komo, sau dubban ɗaruruwa har zuwa miliyan a daƙiƙa guda. Wani naɗin waya ya ɗauki wannan wutar ya ɗora ta kan kebul ɗin walda, ta bi har bakin tsinken, ta keta iskar agon. Inda ta keta ya zama hanya, sai babbar wutar walda ta biyo. Tartsatsin kansa ba ya narka komai.

Alminiyam ya fi wahala. Da wuta mai juyawa ake masa walda, kuma irin tamu ta Najeriya da Nijar takan sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa. Duk saukar nan harshen wutar na neman mutuwa, shi ya sa tsofaffin injuna ke barin tartsatsin a kunne har a gama. Sababbin injuna na infata suna juya wutar da saurin da ba ta samun damar mutuwa, a farko kawai suke buƙatarsa.

Mu 'yan rediyo muna da ƙorafi a nan. Irin wannan na'urar tartsatsi ce Marconi ya aika saƙo da ita daga Ingila zuwa tsallaken Tekun Atlantika a 1901. Wato mai injin TIG ƙaramar tasha ya buɗe ba lasisi! In kana maƙwabtaka da shi ka ji rediyonka na yin ƙara da shuu, ga dalili. Na'urar takan rikita kwamfuta da injunan yanka masu sarrafa kansu, kuma wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ya tambayi likitansa kafin ya matsa kusa.

Maganin shi ne a gajarta kebul, a ɗaure wayar ƙasa da kyau, a rufe murfin injin. Inda na'urori suka yi yawa kuwa, kashe tartsatsin ake yi gaba ɗaya: a ɗora tsinken a hankali wutar na ƙasa-ƙasa yadda ba zai dakushe ba, a ɗaga, injin da kansa ya ƙaro ta.