Gadar Ƙasa a Ƙarƙashin Layin Dogo: Yadda Titi Ke Kauce wa Jirgi

Garin Mubi bai taɓa samun layin dogo ba, domin reshen da ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 ya wuce ta yamma da arewa, ya bar yankin duwatsun Mandara ga motoci. Duk da haka, direbobin tirela da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi zuwa kudu sun san jiran da ake yi a inda titi ya gitta layin dogo, wato mahaɗar da ake tare ababen hawa har jirgi ya wuce.

Dalilin da ya sa mota ce ke tsayawa, ba jirgi ba, yana cikin ƙirar jirgin kansa, saboda ƙafafunsa na ƙarfe a kan ƙarfe suke gudu, kuma jirgin kaya mai nauyi yakan yi tafiyar da ta kai kilomita guda bayan an taka birki kafin ya tsaya. Haka nan ba ya iya hawan tudu mai tsauri, shi ya sa injiniyoyi kan bar dogon a inda yake, su ɗaga titin sama ko su nutsar da shi ƙasa. Haɗarin da jirgi ya yi da motar ma'aikata a Ikeja ranar 9 ga Maris, 2023 ya nuna cewa abin da mahaɗar ke ci ya wuce lokacin mutane.

A Kano, inda dogo ya iso a 1911, birni ya bunƙasa har ya haɗiye layin da a da yake bayan gari. Gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, waɗanda aka gina a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, titi ne ke bi a ƙarƙashin titi, amma sun koya wa Kanawa amfanin raba hanyoyi hawa biyu. Yin haka a ƙarƙashin dogo ya fi wuya, tunda ba a son dakatar da jirage tsawon watanni. Dabarar da aka fi sani ita ce a zuba wani ƙaton akwatin kankare da rodi a gefen layin, mai kama da kwalbati amma mai faɗin titi, sannan a riƙa tura shi da manyan jak a hankali, ana kwashe ƙasar da ke gabansa, yayin da aka tallafe dogon da ƙarafa jirage na wucewa sannu a sama.

Gadar ƙasa takan fi ta sama gajarta, domin tsayin mota kawai take buƙata, kusan mita 5, kuma ba ta rufe fuskar shagunan da ke gefen titi, abin da 'yan kasuwa ba sa ɗauka da wasa. Sai dai babban abokin gabarta ruwa ne. Ramin da aka haƙa shi ne wuri mafi gangare a unguwa, don haka duk ruwan sama can yake nufa, kuma idan babu magudanar da za ta fitar da shi, dole a dogara da injin zuƙe ruwa, wanda shi kuma yana buƙatar lantarki ko man dizil a daidai lokacin da hadari ya ɗauke wuta. Leda da yashi kaɗai sun isa su toshe magudanar a damina guda idan ba a yashe ta ba.

Wannan ne ya sa tsara mahaɗa tun kafin a shimfiɗa dogo ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, yana ratsa filayen da birni bai riga ya cinye ba. A gari irin Mubi kuwa, inda ruwan duwatsu ke gangarowa da ƙarfi zuwa kogin Yedzaram, injiniya zai fara auna zurfin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a watan Agusta kafin ya zaɓi tsakanin haƙa da ɗagawa.