Cittar Kudancin Kaduna: Sinadarin da ke kwance wa ƙwayoyin cuta ɗamara

A kasuwannin Kafanchan da Kwoi da Kachia, da buhu ake auna darajar citta. Tun shekarun 1920 ake noma ta a wannan yanki, har ya zama cibiyar cittar Nijeriya, wadda ake busarwa a kai ƙasashen waje. Amma a ɗakunan bincike, yajin da ke cikinta shi ne abin dubawa, domin daga gare shi ake fatan samun wata sabuwar hanyar yaƙar ƙwayoyin cutar da suka bijire wa magani.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa bijirewar bakteriya ga magunguna ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma a yammacin Afirka ne abin ya fi ƙamari.

Maganin antibayotik kashe ƙwayar cuta yake yi, ko ya hana ta hayayyafa. Waɗanda suka tsira sai su haifi jikoki masu taurin kai, maganin ya daina cin su. Shi ya sa masana suka juya ga kayan aikin ƙwayar, wato sinadaran enzayim da take amfani da su wajen manne wa jiki, ko narkar da tsoka, ko kare kanta. Misali, ƙwayar Helicobacter pylori mai haddasa gyambon ciki tana fitar da enzayim ɗin urease, wanda ke samar da amoniya ya dusashe ƙarfin ruwan tsamin ciki, ta zauna lafiya. Idan aka toshe irin wannan makami, ƙwayar tana nan da rai amma ba ta da ta cewa, sai garkuwar jiki ta ƙarasa da ita.

A nan tsirrai suka shigo. A 2015 masu bincike a Koriya ta Kudu sun ruwaito cewa gingerol, sinadarin da ke ba citta yajinta, yana katse saƙon da ƙwayoyin Pseudomonas aeruginosa ke aika wa juna kafin su kai farmaki. Da saƙon ya katse, enzayim ɗin da ke narkar da furotin ya ragu, ɓerayen gwaji kuma suka fi tsira. Shekara goma kafin nan, an nuna cewa sinadarin curcumin na kurkum, ɗan uwan citta, yana daƙile sortase A, enzayim ɗin da ƙwayar Staphylococcus aureus ke kafa ƙugiyoyin mannewarta da shi.

Sai dai sakamakon ɗakin gwaji ba magani ba ne tukuna. Shayin citta ba zai maye gurbin abin da likita ya rubuta ba. Kafin sinadari ya zama ƙwaya a kantin magani, sai an tace shi, an gano adadin da jiki zai ɗauka, an kuma gwada shi a jikin mutane, aikin da ke cin shekaru da maƙudan kuɗi.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Cibiyar NIPRD da ke Idu a Abuja ta taɓa haɗa Niprisan, maganin cutar sikila, daga tsirran gida. A kusa da gonakin kuma akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan, ga sabuwar jami'ar tarayya a Kachia.

Abin fargabar shi ne ita kanta cittar. A daminar 2023 wata cutar fangas ta afka wa gonakin yankin, citta ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da dama suka rasa amfani har da iri. Idan irin gida ya salwanta kafin a tantance sinadaran da ke cikinsa, asarar ta wuce ta kuɗin buhu. Masu tsara kasafi a ma'aikatun lafiya da noma da kimiyya su ne ke da ikon haɗa manomin Kwoi da mai bincike a Idu a kan aiki guda: adana iri mai lafiya, da bincikar abin da ke cikinsa tun yana hannu.