Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa sai a 2003 wata kungiyar Najeriya ta fara daga Kofin Zakarun Afirka? Enyimba ta Aba ce ta karya wannan kwarin, bayan Rangers da Shooting Stars da Iwuanyanwu Nationale duk sun kai wasan karshe sun dawo hannu rabbana. Ta lallasa Ismaily ta Masar 2-0 a Aba, ta sha kashi 1-0 a Isma'iliyya, kofin ya zo gida.

A 2004 ma Enyimba ta sake daga kofin, da bugun fenareti a Abuja, kan Etoile du Sahel ta Tunisiya. Abin mamaki, an cire mai tsaron gida Vincent Enyeama dab da fenaretin, aka sa Dele Aiyenugba. Kafin nan, rabon da a rike kofin sau biyu a jere tun 1968.